Bakin Baba a Hoton Yaya

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar mutuniyata. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba.

Mun tare a sabon gida, kuma ina son in rataye hoton Baba a falo. Yarana ba su san shi sosai ba, abokan aikina ma suna tambaya. Na san tsofaffin hotunanmu ruwa ya cinye su a shekarar da rufin ɗakinsa ya yi yoyo. Amma an ce 'yarki ta riƙa ɗaukarsa da tsohuwar wayarki lokacin da yake jinya a wurinki. Ki zaɓo mini masu kyau, direba zai biyo ya karɓa.

Ki huta lafiya.
Yayanki

*

Yaya,

Ina gaishe ka da iyali, Allah ya sanya alheri a sabon gida.

Na wanke guda biyar, suna cikin ambulan. Kada ka sa ran masu kyau. Yarinya ce 'yar shekara bakwai, daga ƙasa take ɗauka, rabin hotunan ma babu kai. Baba ne ya sa mata suna Mai Hoto. Da ta shigo sai ya ce, "Ga matata mai hoto nan, bari in gyara hula," alhali hannun gyaran hular ya daina motsi.

Akwai na ranar da muka kai shi shago ya yi sallama da makwabta. Ya zauna bakin teburinsa, gilashin gyaran agogo a ido, ya kasa riƙe ƙaramin sukundireban da ya rayu da shi. Hannuwansa kawai ta ɗauko da agogon da ya bari a buɗe. A ɗaya kuma ina ba shi abinci, yana dariya da bakin nan da ciwo ya karkatar. Shi ne kaɗai fuskarsa ta fito duka.

Ka gaida matarka da yara.
Ƙanwarka

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙo ya iso, na gode.

Na kai hoton cin abincin wurin wani ƙwararren mai hoto, ya yi aiki mai kyau. Ya miƙe bakin, ya cire cokali da hannunki, ya goge gadon da kwalaben magani, ya sa masa kwat. Ga kwafi ɗaya na sa miki a firam, ki rataye.

Sauran kuwa, shawarata ki goge su daga wayar. Bai kamata jikoki su tuna kakansu da yawu a haɓa ba. Mutum ne mai mutunci, mu rufa masa asiri. Kuma a daina barin yara suna wasa da waya a ɗakin mara lafiya.

Allah ya tsare.
Yayanki

*

Yaya,

Na gaishe ka. Firam ya iso bai fashe ba.

Na nuna wa Mai Hoto. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Mama, wane ne wannan?" Na ce Kaka ne. Ta ce, "A'a. Kaka ba ya rufe baki haka." Ta koma wasanta.

Baba da kwat, Yaya? Mutumin da ko ranar da ka gama makaranta da rigar shago ya je, aljihu cike da batiran agogo, ka ce ya tsaya daga baya? Yanzu dai ka samu uban da za ka iya nuna wa baƙi. Ba ya tari, ba ya jiƙa shimfiɗa, ba ya kiran sunanka.

Hannun da ka sa aka cire, shi ya yi ta juya shi a gado don kada bayansa ya yi gyambo. Ban nemi godiya ba, amma ban zaci sai an biya wani ya goge ni ba. Yawun da kake jin kunya ni na riƙa share shi, kuma ban taɓa ganin ya rage masa mutunci ba.

Ba zan goge komai ba. Biyar na aiko maka, a wayar akwai fiye da ɗari. Na hana ka sauran ne don na tausaya maka. Da yawa a cikinsu Baba ba ya kallon yarinyar, ƙofa yake kallo. Da ya ji mota ta tsaya a layi sai ya ce in ɗaga shi zaune, in goge masa fuska, babban ɗansa ya iso. Ita kuma ta ga ya yi tsaf, sai ta ɗauka. Ba ta san abin da take ajiyewa ba. Motar mai gidan kusa ce, ko ta masu kawo gas. Ranar da ka zo ɗin kuwa yana barci, ka tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, ka ce kada a tashe shi, kana da taro.

Firam ɗinka yana bayan kabad, fuskarsa na kallon bango. In kana so direba ya zo ya ɗauka.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanwarka

*

Auta,

Ina gaisuwa. Na karanta. Kin san yanayin aikina, kuma duk abin da likita ya rubuta ban taɓa jinkirta biyan kuɗinsa ba. Ba zan yi jayayya da ke ba.

Na sauke na falon. Ki turo mini na kallon ƙofar, ko ɗaya ne. Ina roƙonki.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa. Hotunan ba nawa ba ne, don haka na tambayi mai su. Ta ce ba ta aikawa, mai son gani ya zo ta nuna masa da kanta.

In za ka zo, ka faɗa mata ko kai wane ne tun daga ƙofa. Ta duba wayar kaf tana neman fuskarka, ba ta samu ba.

Sai mun ji daga gare ka.
Ƙanwarka