Dannawar Bayan La'asar

Sabon Birni, Litinin

Zuwa ga maigidana na ƙarya, Hafizullahi, a Isa. Gaisuwa da fatan alheri.

Tunda an kashe layin waya, ga kakarka ta koma alƙalami. In ka ga rubutun ya karkace, aji huɗu na yi, kai da ka yi goma mi ka tsinana?

Na tone tsohuwar oba-oba, rediyon kiran nan na kakanka Wakili, daga ƙarƙashin gado, na haɗa ta da batirin sola. Halinta ɗaya da marigayin: sai ta yi ɗumi take magana. Na murɗa ta zuwa inda ya ɗiga jan fenti, layinsu da babanka, ɗana Dalhatu. Ka san da 'yar'uwar oba-obar nan babanka ya bi hanyar Burkusuma shekara uku ke nan, ba shi, ba gawa.

Kwana biyar yanzu, da an sallame la'asar sai in ji an danna maɓallin magana sau uku. Ƙat, ƙat, ƙat. Ba murya. Haka babanka ke yi in batirinshi ya yi sanyi. Ban gaya wa kowa ba, kar a ce tsohuwa ta fara.

Taka, Saude

Isa, Alhamis

Amaryata mai haƙori biyu, ina gaisuwa.

Kaka, akwatin nan ya girme ni. Irinsu in sun yi zafi sukan zame daga layi, wani ƙarfe a ciki ya riƙa ƙara da kanshi. Ni ina da sabuwa, ba ta wuce ɗan yatsa ba, a kwamfuta ake soka ta. Taki layi ɗaya take ji. Tawa tana zana duk abin da ke cikin iska a kan gilashi, ta kuma ajiye shi. Ki rubuto mini lambar da ke gefen jan fentin.

Kar ki amsa. In ma rediyon baba ne, ba mu san hannun wa yake ba.

Jikanki

Sabon Birni, Lahadi

Maigida, ga lambar a bayan takarda.

Wato taka ido gare ta. To tana da baki? Isah direba, mai kawo takardun nan, ya ce ji kawai take yi, ba ta mayarwa. Ka auro kyakkyawa bebiya, ka zo kana yi wa tawa gori.

Jiya na yi shimfiɗa a gaban tawa na ɗora hannu kan murfin. Ɗuminta kamar goshin yaro mai zazzaɓi. Da aka danna, kajina duk suka yi tsit.

Saude

Isa, Laraba

Kaka, na janye maganata. Kwana biyu ina kallo. Da ƙarfe huɗu da kwata zane uku suka fito, gajeru, daidai kan lambarki. Ba ƙarar akwatinki ba ce, wani ne ke dannawa, kuma daga nesa. Tawa ta nuna mini lokaci da ƙarfinsa, amma ba ta san yatsan wa ne ba.

Don Allah kar ki faɗi suna ko gari.

Hafizullahi

Sabon Birni, Asabar

Hafizu,

Na amsa. Kai za ka hana ni? Ban faɗi suna ba. Na nemi tambayar da ɓarawon daji ba zai sani ba, na danna na ce: "In kai ne, ɗiyana nawa ke cikin ƙasa?"

Huɗu ne. Biyu ƙyanda, ɗaya ruwan gulbi, ɗaya ko suna ba a yi ba. Babanka ya sani, shi ke raka ni yi musu addu'a.

Na saki maɓallin, na kafa kunne. Sai ƙat, ƙat, ƙat, ƙat. Na tashi tsaye da gwiwoyin nan nawa, ina hamdala da ƙarfi. Ban kai ƙarshe ba aka danna na biyar.

Jiya da yau na kunna, ba kowa.

Ƙila akwatin ne ya yi zafi, yadda ka ce. Ƙila kunnena ne. Taka tana ajiyewa, ka duba ranar Alhamis ka ƙirga. In huɗu ka gani, rubuto mini, za ni dafa maka tuwon gero in ka zo da salla. In biyar ne, kar ka ba Isah takarda. Ka zo da kanka.

Kakarka

Isa, Litinin

Kaka, ina nan tafe jibi, motar safe.

Hafizullahi