Zoben Azumi

Litinin, 8 ga Agusta, 1955

Jiya aka yi sadakar arba'in ɗin Azumi. Ruwa ya hana rabin mutane zuwa, waina ta yi saura. Da tana nan da ta ce ni na zaɓi ranar.

Bayan an watse liman ya ce kada a ja rabon gado. Aka fito da kayanta: tasoshi, zannuwa, keken ɗinki, awaki biyu. Magada mu huɗu ne, ni da 'yarmu Saude da Iya mahaifiyarta da Tanimu ƙaninta. Da aka zo kan zobe, liman ya ce abin da ba a san ƙimarsa ba ba ya rabuwa, a kai a gwada. In dutsen banza ne a kansa, zinariyar siririya ce, sai ya faɗo cikin rabona in riƙe abina. In kuwa daimon ne, ya fi duk sauran kayan a haɗe, dole a sayar a raba kuɗin.

Na ce to.

Talata, 9 ga Agusta

Bari in rubuta asalinsa, tunda babu wanda zai katse ni yanzu.

A 1936 aka yi gwanjon kayan wani Baturen haƙar kuza da ya mutu babu magaji a ƙasar nan. Mutane suna rububin kujeru da fitilu, ni na sayi akwatin littattafai, haɗe da duk abin da ke ciki. A ƙasan akwatin, cikin gwangwanin taba, na sami zoben. Na duba wani littafin duwatsu da ke cikin akwatin, na duba dutsen zoben, na ce wa Azumi daimon ne.

Ta ɗaga shi a rana ta yi dariya. "Malam, shekara bakwai ina wankin kuza kafin ka san ni. Irin wannan farin dutsen da ƙafa muke ture shi. Wane Bature ne zai bar daimon cikin gwangwanin taba?"

Shekara goma sha tara muna wannan gardama. In na yi kuskuren kwanan wata, sai ta ce, "Kamar dai daimon." In tuwonta ya yi gudaji, in ce hannun da ke sanye da dukiya bai kamata ya yi haka ba. Ba ta taɓa cire shi ba, ko wajen daka. Kuma ba mu taɓa kai shi an gwada ba. Ban san wanda ya fi tsoro a cikinmu ba.

Alhamis, 11 ga Agusta

Na yi gwajin da ke cikin littafi. Na hura wa dutsen numfashi, hazon ya ɗauke nan da nan. Na karta shi a gilashin taga, ya bar zane. Na koma na karanta shafi na gaba, inda aka ce tofas, wato farin dutsen da Azumi ke nufi, shi ma yana zana gilashi. Sai na ji na sami sauƙi.

Mutum mai shekara hamsin da ɗaya yana murna ƙila bai san abin da yake faɗi ba. Ga taga kuma na ɓata.

Asabar, 13 ga Agusta

Na je wurin Akanni maƙerin zinariya a Nasarawa. Ya yi mini gaisuwar mutuwa har sau uku, ya goga zoben a baƙin dutsensa, ya ɗiga ruwan gwaji.

"Zinariya yana da kyau, amma ba shi da nauyi. Dutse kuwa, Malam Akawu, ni ba na yin ƙarya. Rabin matan Jos suna saka gindin kwalba, ni na sa musu. Wannan bai yi kama da nawa ba. Ka je wurin Alphonsus na ofishinku."

Ya juya shi ya ga inda ya sirance ta ciki. Ya ce, "Madam ya yi aiki da wannan hannu." Na karɓe abina na fito ban yi sallama ba. Sai na koma na ba shi haƙuri.

Lahadi, 14 ga Agusta

Zoben ba ya wuce gaɓar farko a ƙaramin yatsana. Ashe haka hannunta yake.

Laraba, 17 ga Agusta

Alphonsus shi ke gwajin duwatsu a kamfaninmu. Shekara goma muna gaisawa ta taga, ban taɓa shiga ɗakinsa ba. Ya sa tabarau mai ido ɗaya ya daɗe yana leƙe. Sannan ya buɗe wani ɗan akwati mai duwatsu tara a jere, daga mai laushin da farce ke karta zuwa mafi tauri. Ya ce na takwas shi ne tofas. Dutse ba ya zana wanda ya fi shi tauri, kuma na tara babu abin da ke zana shi sai daimon.

Ya goga zoben a na takwas, ya zana. Na ce ƙila ɗan'uwansa ne mai ƙarfi. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ɗauko na tara. Na ji ƙarar, siririya. Ya share wurin da yatsa ya nuna mini, zanen yana nan.

Ya miƙe ya kama hannuna yana girgizawa. "Oga, kai ya ci! Daimon ne, na gaske. Ƙarami ne, amma mai tsabta." Ya rubuta a takarda ya sa hannu.

Na ci. Na koma teburina na kwafe wasiƙa guda sau biyu.

Alhamis, 18 ga Agusta

Shekara goma sha tara ina shirya abin da zan faɗa mata a wannan rana. Har da yadda zan tsaya. Na yi niyyar in yi shiru ne, in ajiye takardar kusa da turmi in wuce, don ya fi ciwo.

Takardar tana aljihuna.

Asabar, 20 ga Agusta

Saude ta zo share ɗakin uwarta. Ta tambaye ni ko an gwada. Na ce ana kai. Wannan ce ƙarya ta farko da na yi mata tun da ta yi wayo.

Ta ce, "Baba, ba sai ka wahala ba. Kowa ya san Inna ce da gaskiya. Ka ajiye shi kawai, mu riƙa gani."

Ba wanda ya sani sai Alphonsus, shi kuwa ba ya zuwa masallacinmu.

Lahadi, 21 ga Agusta

Na je gaida Iya a Bukuru. Na durƙusa a ƙofar ɗaki kamar kullum. Kwano uku ta jera a ƙasa suna tarar yoyo, ta matsar da gadonta gefe ɗaya. Ba ta yi maganar rufin ba, ni ma ban yi ba.

Juma'a, 26 ga Agusta

Bayan masallaci aka zauna a zaure. Liman ya tambayi zobe. Kafin in buɗe baki Tanimu ya riga ni, da wasan nan nasa da ba ya tsufa.

"Allah gafarta Malam, a rubuta kwalba a wuce. Yaya ta sha faɗa. Yau dai Akawu zai amsa an kayar da shi. Faɗi mana, Akawu, ba za ka mutu ba. Ce ta fi ka gaskiya."

Kowa ya yi dariya, irin ta farko tun rasuwar. Hanya suka buɗe mini, da gangan ma, na gani a idon Tanimu. Kalma huɗu. In faɗe su, zobe ya kwana a akwatina har in mutu, Azumi kuma in ba ta abin da na hana ta tana da rai.

Na fito da takardar Alphonsus na miƙa wa liman.

Ba wanda ya sake dariya. Tanimu ya ce a hankali, "Haba, Malam."

Ina so in rubuta cewa tsoron cin haƙƙin magada ne, da kwanukan nan uku. Akwai wannan, Allah ya sani. Amma na san kaina. Ban tabbata babu ɗayan ba, tsohon halin, na mutumin da ba zai iya jin magana ba daidai ba ya yi shiru, ko da gidansa ne zai tafi. Da Azumi tana nan da ta faɗa mini wanne ne, ba tare da ta ɗago daga tsintar acca ba.

Talata, 30 ga Agusta

Wani Kwara, Balarabe mai kanti, ya saya, ni da Tanimu muka kai. Ya sa shi cikin auduga a ɗan akwati. Zai cire dutsen ya narkar da zinariyar, wai ta cinye.

Ban yi gardamar kuɗi ba. Tanimu ne ya yi.

Lahadi, 18 ga Satumba

Bukuru. An yi wa ɗakin Iya sabon rufi, gado ya koma wurinsa. Ta sa aka kawo mini gwate, ta jira har na fara ci, sannan ta rage murya.

"Malam, abin nan yana damuna. Mu nemi gafara, mun cuci bawan Allah nan Kwara. Ni na koya wa yarinyar nan wankin kuza. Na riƙe zoben nan a hannuna. Farin dutse ne, irin na bakin rafi. Ku da takardunku."

Yadda ta ja "takardunku" ɗin nan. Sai da na ajiye cokali.

Ina da amsa. Na san na takwas, na san na tara, na ji ƙarar da kunnena.

Na ce, "Ƙila haka ne, Iya."

Ta ce, "Ba ƙila ba."

Na ce to. Na zauna har la'asar. Ta ce in dawo Lahadi mai zuwa, ba ta gama da ni ba. Zan duba, in babu ruwa.