Da bakina na koya wa Baba yadda zai riƙe gonar aro

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a taimaka a ɓoye sunana, akwai mutanen garinmu a gidan nan. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kwana uku ke nan abinci ba ya shiga cikina.

Ni budurwa ce daga wani ƙauye a ƙasar Gangara. Na samu bak, shaidar gama sakandare, amma ban samu halin ci gaba ba, shekara biyu ina zaune, sai wata ƙungiya ta ɗauke mu horon parajuris a Gazawa. Ga wanda bai sani ba, mu ba lauyoyi ba ne, ba ma tsayawa gaban alƙali. Namu mu faɗa wa talaka haƙƙinsa, mu rubuta masa takarda, mu nuna masa buro, wato ofishin da zai je, in sulhu zai yiwu mu yi. Amma je ka gaya wa mutanen garinmu haka, tun watan farko suke kirana Lauya, har tsofaffi, ni kuma ba zan ɓoye ba na fara jin kaina. Aikin ma ba tabbas gare shi ba, in mun gama kaɗan ƙungiyar za ta riƙe, sauran kowa ya koma gida da atestasiyo, takardar shaidar horo, a leda. Madam mai koyar da mu kullum faɗi take, za su duba wanda mutanen garinsa suka yarda da amanarsa.

To ga inda na jawo wa kaina. Babbar gonar da muke ci a gidanmu aro ce. Maƙwabcinmu marigayi Malam Idi ya ara wa Babana tun kafin a haife ni, lokacin yana da dabbobi, noma bai dame shi ba. Duk kaka Baba yana aika dami ɗaya na gero gidansu, kuma bai taɓa dasa ko itace ɗaya a ciki ba. Ni ce mai bin amalanken in kai damin tun ina ƙarama, Inna Tsahara matar Malam Idi ta dama mini fura kafin in juyo. Ko bayan rasuwarsa ba a fasa ba.

Bara da aka yi mana darasin filaye na zo hutu, na zauna tsakar gida ina ta zuba kamar rediyo. Na ce ashe damin nan da muke kaiwa shi ne shaidar cewa gona aro ce, kuma wanda ya dasa itatuwa ya daɗe ba a tanka masa ba, nan gaba yana iya cewa tasa ce. Burga kawai nake, in nuna na yi karatu. Baba yana gyaran hauya, abin da ya ce kawai shi ne "ashe?" Da damina ta faɗi ya dasa dalbejiya a iyakar gonar. Da kaka ta zo bai aika dami ba.

Yanzu dabbobin gidan Malam Idi sun ƙare, Inna Tsahara da 'ya'yanta mata biyu suna son gonarsu su noma. Baba ya ce kyauta aka ba shi. Na same shi da maganar cikin ladabi, ya taso mini, wai da geron gonar aka ciyar da ni har na yi bakin da zan koya masa gaskiya, in ta tafi ƙannena shida me za su ci. Kuma wannan ba ƙarya ya yi ba, ɗayar gonar tamu ko wata huɗu ba ta kai mu. Mamana kuka ta sa mini, ta ce in rufa mata asiri kada Baba ya yi mini baki.

Shekaranjiya Inna Tsahara ta yi sallama, ni ta zo nema. Ba ta san daga bakina abin ya fito ba. Ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, an ce man akwai kwamitin gonaki a meri, ofishin magajin gari, ke ad da boko, ki rubuta man takarda. Ba ni son hwaɗa da babanki, gonar marayu nika so." Na ce ta ba ni 'yan kwanaki.

A ƙa'idar aikinmu in magana ta shafi gidanku, miƙa ta kake ga abokin aiki. Na yi tunanin haka, amma duk wanda ya karɓa shaidu zai nema, kuma dattawan da aka yi aron gabansu duk sun rasu. Wadda ta rage ita ce mai kai dami, wato ni. In na faɗi gaskiya na raba gidanmu da abinci, wataƙila da albarkar uba. In na yi shiru na ci amanar matar nan, kuma ban san da wane ido zan zauna a buro ina karanta wa wasu haƙƙinsu ba, ko da an ɗauke ni. Har na fara tunanin in bar karatun gaba ɗaya, amma barinsa ba zai tuge dalbejiyar nan ba.

Jibi za ta dawo karɓar takardar. Ran da ta zo, da za ta fita ta juyo tana murmushi ta ce, "Ai ba ni da damuwa, ke ka kawo man damen da hannunki." 'Yan uwa, in ta yi sallama jibi, me zan ce mata?