Ranar Da Baba Ya Zo Wankanki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwancinki, Ya haskaka shi. Na sani sarai takarda ba ta zuwa inda kike. Amma jiya aka yi sadakar arba'in, baƙi sun watse, an naɗe tabarmi, ni kuwa maganar da ke cikina ta ƙi kwanciya. Da ranki ba ki taɓa zama kin yi hira da ni ba, wai ni 'yar fari ce, ko sunana ba kya kira sai "ke 'yar nan". To yau dai sai ki saurara, babu inda za ki kawar da kai.

Inna, ashe haka kike? Ashe za ki iya haɗiye magana shekara da shekaru, muna ɗaki ɗaya, muna cin tuwo kwano ɗaya, ko tari ba ki yi ba?

Bari in fara da abin da na ɗauka na sani.

Ina yarinya, bayan an karɓi mulkin kai, lokacin da jirgin ƙasa ya iso Gombe, Baba ya samu buɗi a fataucin auduga, ya gina gida a Hammadu Kafi. Ya ce mu tashi daga gidan hayarmu na Kumbiya-Kumbiya, wanda katanga ɗaya ta raba shi da gidan Dada, mahaifiyarki. A lokacin idon Dada ya riga ya rufe, ɗanta namiji kuwa, Kawu Buba, yana can ruga da shanu, sai ya ga dama yake leƙowa. Baba ya ce a tafi da Dada ma, ɗaki ba ya kaɗan. Dada ta ce Allah Ya kiyaye, Bafulatana ba ta kwana a gidan surukinta, ita da ko ruwa ba ta sha a gabansa. Ke kuma kika ce ba za ki bar makauniya ita kaɗai da rijiya a tsakar gida ba.

Ina tsaye a ƙofar gida da tulu ranar da abin ya ɓaci. Baba ya fusata, a gaban maƙwabta ya ce ya sake ki. Kika shiga kika ɗauro kayanki, kika ja hannuna muka zagaya gidan Dada. Washegari Kawu Buba ya zo da sandarsa, ya rantse in mutumin nan ya sake neman ki, zai ɗauke Dada ya kai ta daji, kowa ya huta.

Tun daga ranar na ƙulla gaba da ubana, a madadinki. Kina gani kika bar ni. In ya miƙo mini sisi sai in ajiye a kan dakali in wuce. Ranar ɗaurin aurena shi ya yi mini walicci, amma da aka kai ni gabansa a zauren Dada in yi masa sallama ko ɗaga kai ban yi ba. Da na dawo ina taƙama, abin da kika ce kawai shi ne, "Uba uba ne." Ni kuwa na ɗauka haƙuri ne irin naki.

Yanzu da nake tunani, komai a gaban idona aka yi shi. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai Baba ya zo gaida Dada, da goro da sabulu a aljihu. Duk Juma'a kuma sai daddawa ta ƙare miki, ko kanwa, ki aike ni Kasuwar Gombe, alhali ga ta nan a tukunya na gani da idona. Da safe ki wanke kai, ki sa kwalli, ki ɗaura zanen nan mai ruwan goro, ki kirɓa fura daban ki rufe da faifai. Na tambaye ki sau ɗaya, kika ce darajar Juma'a ce. Inna, darajar Juma'a!

Da kuɗi suka shigo gari, naira tana sabuwa, kowa ya zama ɗan kwangila, zawarawa suka fara sintiri a ƙofarmu. Kin tuna Alhajin nan mai sabuwar mota da ya cika unguwa da hon, ya aiko da turamen atamfa? Har gidan mijina na bari na zo ina lallashinki ki yarda, ko don ki huta da turmi. Kika mayar da kayan ko buɗewa ba ki yi ba, kika ce, "Ku gaya masa ba na kasuwa." Shi kuma Baba mutane suna ta yi masa dariya, gwauro da katafaren gida, yana sayen tuwo a bakin tasha. Ni har daɗi nake ji, ina cewa babu macen da za ta yarda da shi ne.

Sai ranar nan. Da hantsi aka aiko mini, wai kina kirɓa fura taɓarya ta suɓuce, kika zauna, kika ce kanki. Kafin in iso Allah Ya karɓi abinSa. Na tarar an rufe miki ido, an ɗaure miki haɓa, an lulluɓe ki da zane. Furar tana nan a turmi, kaji suna tsattsaga. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kin san gawa ba ta jira. Maza sun tafi haƙa kabari, an ce ana idar da azahar za a sallace ki. Goggo Asabe, tsohuwar da ke wa matan unguwarmu wanka, ta riga ta dama ganyen magarya, ta ajiye kafur a gefe. Kawu Buba ya iso, ya ci sa'a yana gari ya kawo shanu. Dada tana zaune a jikin bango da carbinta, ba kuka, ba magana.

Sai ga sallamar namiji a tsakar gida. Mata suka ruɗe, kowa tana neman mayafi. Baba ne, ya naɗe hannun riga, buta a hannu ɗaya, farin yadi a ɗaya. Bai dubi kowa ba. Ya ce a ba shi wuri, shi zai yi miki wanka.

Inna, na ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa masa kai. Ban san sa'ad da na miƙe na tare ƙofar ɗakin da hannuwana biyu ba. Na ce masa ko sama da ƙasa za su haɗu, namijin da ya sake ki a bakin titi ba zai ga ko yatsan ƙafarki ba. Na ce da ranki ya tozarta ki, ba zai ƙara a kan gawarki ba. Goggo Asabe tana ta salati, tana cewa tun da take wanka ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Kawu Buba ya shigo yana huci, sanda a sama. Baba bai ja da baya ba, bai kuma ɗaga murya ba, ya ce kawai a kira Liman.

Liman ya zo ya tsaya daga bakin zaure. Ya ce shi shaida ne a gaban Allah: saki ɗaya aka yi, kuma ko mako ba a rufa ba Baba ya same shi da hawaye, ya ce ya mayar da matarsa. Ya ce wanda ya yi saki ɗaya ya kuma yi kome kafin idda ta cika, aurensa yana nan daram, ba sai da sabon sadaki ba, ba sai waliyyi ya amince ba. Ya ce shi da kansa ya zo ya sanar da ke, kika yi godiya, kika roƙi a bar maganar a rufe, kada rantsuwar Kawu Buba ta raba ki da Dada. Ya ce ya sha gaya muku aure ba abin ɓoyo ba ne, kuna cewa saura kaɗan. Sannan ya ce a shari'a miji ya fi kowa cancantar wanke matarsa, in ya nema ba a hana shi.

Duk da haka ban matsa ba. Kawu Buba ya ce bakinsu ɗaya, Liman abokin Baba ne tun makarantar allo. Ni ma a zuciyata abin da nake so in ji ke nan.

A nan ne Dada ta yi magana. Tsohuwar da tunda nake ban taɓa jin ta ambaci Baba da bakinta ba. Ta ce, "Buba, sauke sandar nan. Ke kuma matsa ki ba shi hanya, mijinta ne. Ido na rasa, ba kunne ba. Ni na riƙe masa mata."

Kawu Buba ya sauke sandar. Ashe Dada ma ta sani. Ashe duk Juma'ar nan tana kwance tana jin ku kuna hira ƙasa-ƙasa a bakin ƙofa, ke kina ɓoye mata don kada ta ji nauyi, ita tana ɓoye miki don kunya. Ku uku, ke da Baba da Dada, kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, ni kaɗai ce sakarai mai zuwa sayen daddawa.

Na sauke hannuwana. Baba ya wuce, ya tsaya, ya ce in zo in zuba masa ruwa.

Mu biyu muka yi miki wanka, Inna. Ki yi haƙuri, na san da kina da baki da kin ce in fita. Ya lulluɓe ki da zane daga ƙirji zuwa gwiwa, ya naɗe hannunsa da ƙyalle, ya yi miki alwala, ya fara da ɓangaren dama. Yana juya ki a hankali kamar mai tsoron kada ki farka. Da ya zo kan tabon ƙunar nan na gwiwar hannunki sai ya dakata, ya ce ranar da kika fara yi masa girki kika samu. Ni ban taɓa sanin asalinsa ba. A wanka na ƙarshe ya sa kafur. Da aka zo gashi ya rasa yadda zai yi, sai na karɓa na yi miki kitso uku na mayar baya.

Muna naɗe ki a likkafani na ji ya sunkuya yana magana, ba da ni yake ba. Ya ce, "Kin ce in jira. Na jira."

Ban yi kuka da aka ce kin rasu ba, a nan na yi.

Shi ya kama gaban makara. Mu mata muka tsaya a zaure muna ji har sawunsu ya ɓace. An ce shi ya shiga kabarin ya karɓe ki, ya kwantar da ke a kan damanki kina fuskantar alƙibla. Kawu Buba ne ya miƙa masa hannu ya fito.

To ga abin da ba ki sani ba, shi ma ya sa na ɗauki alƙalami. Bayan sadakar bakwai aka zauna a kan wa zai riƙe Dada. Ni na ce gidana, Kawu ya ce ruga. Baba ya aiko a hankali, ya ce tayinsa na da yana nan, in ba za a ga rashin kunyarsa ba. Kowa ya san amsar da za ta bayar. Sai Dada ta laluba sandarta ta miƙe, ta ce a ɗaure mata kayanta. Ta ce kunyarta ta cinye wa 'yarta zaman aure, ba za ta bari ta ƙara cinye wa kowa komai ba.

Ni na riƙe mata hannu har Hammadu Kafi. Karo na farko ke nan da na taka gidan ubana. Ya buɗe mana wani ɗaki da ke kallon gabas, a share tas, da gado an shimfiɗa. Na ɗaga ido na dubi bango, sai na ga jere. Tasoshinki, Inna! Tasoshin da kika ce kin sayar ɗaya bayan ɗaya, da langar nan mai fure da na yi ta nema ranar bikina kika ce ta ɓata. Ashe Baba kike ba ya tafi da su a aljihun babbar riga, kina tarewa a hankali, sai jikinki kaɗai ya rage. Kuna jiran Allah Ya yi wa Dada nata wa'adi, ba ku san ke ce a gaba ba.

Dada ta zauna a bakin gadon, ta shafa zanen da tafinta, ta tambaye ni ko nan ne. Na ce nan ne. A ɗakinki take kwana yanzu. Baba ne ke kai mata ruwan alwala, kuma har ruwa tana sha a gabansa.

Ban huce da ke ba tukuna, gaskiya zan faɗa. Da kin kira ni ko sau ɗaya, ko a bakin murhu, kin ce 'yar nan, ubanki bai bar mu ba, da ban kwashe ƙuruciyata ina harararsa ba. Amma na ga abin da kika ɗauka ke kaɗai: uwa a hannun dama, miji a hannun hagu, kika ƙi sakin ko ɗaya. Ban san ko ni zan iya ba.

Juma'ar da ta wuce na kirɓa fura, na rufe da faifanki, na kai masa bayan an sauko daga masallaci. Na durƙusa na ce, Baba ga fura. Ya kurɓa, ya ce ta yi, amma taki ta fi yaji.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya gafarta miki, Ya sa wankan nan ya zama wankan zunubanki. Allah Ya saka miki da abin da kika yi wa mahaifiyarki. Ya ba Baba haƙuri, Ya ba Dada cikawa da imani. In kwanan Baba ya ƙare, Allah Ya haɗa ku a gida ɗaya a Aljanna. Can kuma, don Allah, kada ki ce masa ya jira.

Wassalam.

'Yarki ta fari, wadda ba ki taɓa kiran sunanta ba,
Hauwa'u