Sun Ce Yanzu Ba Ta Baya Ake Bi Ba

Zuwa ga Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina fatan makwanci ya yi sanyi. Ni ina nan gidan Alhaji a Nassarawa, bakin ƙofar da ka bar min gadinta. Kuma har yau ina jin haushinka, gara ka sani.

Ciwonka ya iso kaina. Fitsari ya hana ni sakat, alwala ba ta kai ni sallama, na koma sahun baya. Likita ya ce sai an tsakuro tsoka daga ƙullutun nan na ƙasan mafitsara, a duba ko ciwon daji ne. Na ce masa na san aikin, shi ya ci wana.

Ta dubura aka soka maka allura, ana lalube. Ka dawo kana tafiya kamar mai sabuwar kaciya, ka ce mana basir ne. Da zazzaɓi ya rufe ka, ka rantse na sauro ne, ka sa ni dafa darbejiya. Kullum maganarka ita ce namiji ba ya faɗin ciwon da ke ƙasan cibiya. To, ga amfaninta! Sai ranar wankan gawarka muka ji gaskiya a bakin direban da ya kai ka asibiti.

Yanzu wai an canza. Na'ura ce ke fara ɗaukar hoto ta nuna wurin, sannan allura ta shiga ta fata, don kada ƙazanta ta bi jini. Ina suka ɓoye wannan dabara kana raye? Na tambayi likitan, ya sunkuyar da kai. Yaron kirki ne, amma na gasa masa magana na fito.

Jiya Balaraba 'yarka ta zo daga Gama. Ta zauna kan bencina, ko ruwa ta ƙi sha, ta ce ba za ta rasa uba biyu a kan kunya ba. Idonka ne da ita, Yaya. Na kasa korarta.

Alhamis zan je a yi aikin. Kar ka ce na yarda da su, ban yarda ba. Amma na kau da kai, na faɗa wa yarinyar inda ciwon yake, na ce in ta ji jikina ya yi zafi, kada ta saurari rantsuwata.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya yafe mana taurin kanmu. Amin.

Ƙaninka,
Ilu mai gadi