A Mayar Mana da Hasken Rana Cikin Kwamfuta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban cibiyarmu ta koyar da mata ɗinki da zanen tufafi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Yallaɓai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya.

"Malama, kwamfuta ba wajen wasan yara ba ce. A bar ta yadda masu ita suka ƙera ta." Abin da ka gaya mini ke nan ranar Litinin a ofishinka. Kana faɗa kana tsaye a bakin taga, riƙe da shaddar da wani ɗan kasuwa ya kawo maka talla, kana jujjuya ta a hasken rana. Ban katse ka ba, kai ma ba ka tambaye ni ba. Tunda maganar ba ta samu wuri a ɗaki ba, ga ta a fili.

Ga masu karatu da ba su san ni ba, ni ce ke koyar da zanen tufafi a kwamfuta a wannan cibiya ta Karaye. Manhajar da muke aiki da ita tana da 'yar tsana mai siffar mace. Sai ki zana riga, ki ɗora hoton yadinki, ki sa wa 'yar tsanar, ki ga yadda rigar za ta zauna tun kafin almakashi ya taɓa yadin. Idan aka buɗe ta sabuwa, 'yar tsanar fara ce sol, siririya kamar ba ta taɓa cin tuwo ba, tana tsaye a wani ɗaki ruwan toka da babu taga.

1. A makon farko, Talatu, ɗalibar da ke zuwa daga Kurugu a bayan babur, ta sa wa 'yar tsanar atamfarta. Ta kalla, ta karkata kai, sai kawai ta ɗauki kwamfutar ta nufi ƙofa. Na ce, "Talatu, ina zuwa?" Ta ce, "Zan ga launin a rana, Malama. Yadi a ɗaki ƙarya yake yi." Tana fita allon ya yi duhu, ba abin da ta gani sai fuskarta. Ta dawo ta ajiye, ta ce, "To, wannan ai ta fi yadin ƙarya."

Aji ya yi dariya, ni ma na yi. Amma duk macen da ta taɓa sayen yadi a kasuwar Karaye ko ta Rogo ta san ba a yanke shawara a cikin rumfa. Sai an ja gefen yadin zuwa rana, an ɗora shi a kan hannu, an gani. Tunda ba za a iya kai kwamfuta rana ba, na zauna na duba ko za a iya kawo ranar cikin kwamfuta.

2. Yallaɓai, ana iyawa. Har yanzu idan na tuna sai in ji daɗi ya rufe ni. Akwai wani sashe a manhajar da a jami'a ba mu taɓa damuwa da shi ba, domin a can ɗakin tokar nan ya ishe mu samun maki. A nan ake sauya komai. Na ɗaga fitilar da ke haska 'yar tsanar sama, na ƙara mata ɗumi har ta zama hasken hantsi. Na yi wani saitin na bayan la'asar, lokacin da mata ke fita biki. Na cire bangon toka na sa hoton katangar gidan kawuna a Kwanyawa, jar ƙasa da inuwar darbejiya. Na shimfiɗa tabarma a ƙasa.

Sai muka koma kan 'yar tsanar. Kowace ɗaliba ta kara hannunta a jikin allo, muna ƙara duhun fata kaɗan-kaɗan har ya zo daidai da nata. Muka ƙara mata ƙiba inda Allah ya ƙara mana. Muka zaunar da ita a tabarma don mu ga inda zani zai buɗe. Akwai ma maɓallin iska. Ranar da na kunna shi mayafi ya tashi, wata ɗaliba 'yar Yola, ta nan Karaye, ta ce, "Wallahi haka nawa yake yi a kan babur," nan take ta ƙara wa zanenta faɗi. Matan da da suke tsoron taɓa kwamfuta sai da na riƙa roƙonsu su tashi a yi sallar azahar. Launukan da kowa ya raina a ɗakin toka, makuba da ruwan goro da kore mai duhu, suka fito suna haske a jikin baƙar fata. Ban taɓa jin daɗin koyarwa irin na wannan zangon ba.

3. A makon jiya muka shigo aji muka tarar an goge komai. Mai gyaran kwamfutoci ya ce umarninka ne. Da na zo ofis ka ce masu duba jarrabawa za su zo daga Kano, ba ka so su ga katangar ƙasa da tabarma "su ɗauka ƙauye suka zo". Ranka ya daɗe, mutanen nan ta mota za su zo. Kafin su iso ƙofar cibiya za su wuce gonakin dawa da na gyaɗa da garkunan shanu. Ina kyautata zaton za su gane inda suke ko ban nuna musu katangar kawuna ba.

Batun a bar ta yadda masu ita suka ƙera ta kuwa, ai su ne suka sa maɓallan nan da hannunsu. Direbanka idan ya shiga mota yana gyara kujera da madubi daidai tsayinsa, ban taɓa jin an ce ya ɓata motar ba.

4. Ga abin da ya sa nake gaggawa. Jarrabawar ranar Alhamis ce, kuma a allon za a duba aikin kowa. Ƙa'idar cibiya ita ce wadda ta ci ita ake ba keken ɗinki. Talatu ba ta da keke. Da na maƙwabciyarta take ɗinki, sai mai shi ta gama nata sannan ta ba ta aro. Rigar jarrabawarta doguwa ce ruwan makuba, da aikin ruwan goro a wuya, ta zana ta don fata irin tata da rana irin tamu. A saitinmu ita ce ta fi ta kowa kyau a ajin. A jikin farar 'yar tsana, cikin ɗakin toka, kamar tsohon buhun gyaɗa take. Da ta gani sai ta ce, "Malama, wa ya jiƙa mini riga ta koɗe?" Ba ta yi kuskure ko na ɗinki ɗaya ba. Idan ta faɗi, fitila ce ta kayar da ita.

Saboda haka ina roƙon Yallaɓai:

Ka ba da izini a mayar da saitinmu kafin Alhamis. Na adana shi a wayata, mayarwar ba za ta kai tsawon shan shayi ba.

Idan lallai sai baƙi sun ga ɗakin tokar, a nuna musu kowace riga a wurare biyun, su zaɓa da idonsu.

Sannan ka zo ajin da kanka, ka taho da shaddar nan. Za mu ɗauki hotonta, mu yi maka ɗan tsana mai tsayinka da launin fatarka, mu tsayar da shi a hasken hantsi ka ga babbar rigarka tun kafin tela ya yanka. Girman ciki kuma sai yadda ka ce a sa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon riƙe amanar matan nan, ya sa cibiyar ta ɗore bayanmu.

Ranar Litinin ɗin nan, da ka gama magana ka ce in ja maka ƙofa. Ina riƙe da hannun ƙofar na ji kana ce wa mai shaddar, "Ka ga, a ɗaki na ɗauka baƙa ce, ashe shuɗiya ce. Gara da na duba a rana." Na ja ƙofar a hankali, na fito.

Wassalam.

Malama Bilkisu,
mai koyar da ajin zanen tufafi.