Hannun robar da na yi wa yayana

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, sati biyu ke nan abin nan na cin raina.

Zamanin mulkin soja, lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa, mahaifinmu ya sayi injin niƙa ya kafa a Ƙofar Marke. Ina ɗan shekara takwas, yayana Bello yana sha biyar. Wata rana yana gyara bel, ni kuma da rawar kai na tayar da injin, ya cinye masa hannun dama daga wuyan hannu. Bai taɓa faɗa wa kowa ni ne ba, har iyayenmu suka rasu. Ya koyi rubutu da hagu, yau malami ne mai ɗalibai.

Ni na koyar da aikin injina har na yi ritaya. Bara na ci karo da zanen hannun roba a intanet, wasu ne suka saka kyauta, kowa ya ɗauka ya gyara ya mayar. Na samu injin da ke ƙera abu da roba, na yi wata huɗu a kai, na matse wurin da dungulmin ke shiga don ya riƙe alƙalami. Kawunmu ya ce canza halittar Allah ne, Yaya ya ce a'a, magani ne, ya miƙo hannu na saka masa. Ranar na yi kuka. Don murna na mayar da zanen da na gyara intanet, mutane suka yi ta ɗauka.

Bayan wani lokaci sai matar Yaya ta kira ni gefe, ta ce wurin ya yi gyambo, yana cirewa in na tafi, in ya ji motata ya mayar. A asibiti likita ya yi mini faɗa sosai, ya ce matsewar ta hana jini gudu, wa ya duba wannan abu kafin a saka wa mutum? Babu wanda ya duba.

Da muka fito na ce Yaya me ya sa ka yi shiru? Ya ce, "Ni na daɗe da gamawa da hannun ga. Kai na ba ka gama ba. Na ga kana murna, shi ya sa nib bari."

Na goge zanen, amma waɗanda suka riga suka ɗauka ban san su ba, ban san jikin wa aka matse da shi ba.

Yanzu ga Madam Rifkatu, malamar firamare a Gawon Nama, ta kawo 'yarta mai shekara shida da aka haifa ba yatsu a hannu, tana so in yi mata irin hannun. Na faɗa mata duk abin da ya faru, ta ce ta ji, ita dai ba ta da wata hanya, yarinyar ta daina fita wasa. Har kala yarinyar ta zaɓa, wai ja take so.

Ni ba likita ba ne, kuma na daina yarda da niyyata. In yi mata, ko in ce su yi haƙuri? Jibi za su dawo, me zan ce musu?